Tsaunin Mambila Ko Fadamar Haɗeja: Ina Ya Fi Cancantar Hutun Mako Guda a Bazara?

Idan ɗan gajeren hutu ya faɗo a bazara, malamai da ɗaliban da Allah ya hore wa mota sukan fara shawarar inda za su kai iyali su sha iska. Akwai yankuna biyu na karkara da suka cancanci a auna su: tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da fadamar da ta miƙe daga Haɗeja zuwa Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. Da yawa Mambila za su zaɓa ba tare da dogon tunani ba. A nawa ra'ayin, wanda zai tashi daga Kano ko Zariya ko Katsina da kwana bakwai kacal a hannunsa, musamman idan manazarcin Hausa ne, fadamar ta fi dacewa da shi.

Ya kamata a fara ba Mambila haƙƙinta. Watannin Maris da Afrilu, da suke lokacin tohon itatuwa da furanni a Turai, a ƙasar Hausa lokaci ne na ƙuna, inda zafi kan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya. Mambila kuwa tana bisa tsayin kimanin mita 1,600, iskarta mai sanyi ce, ruwan sama kan riga na ƙasar Hausa sauka, tuddai su yi kore shar. Can ne gonakin shayi na Kakara suke, a gefenta kuma ga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Nijeriya, da dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419. Tarihinta ma abin nazari ne: yankin ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta tana ɗauke da sunan Sardauna har yau. Wanda zafi ya gallaba bai yi laifi ba idan zuciyarsa ta karkata can.

Matsalar tana ga lissafin hanya. Daga Kano sai an bi Gombe da Numan da Jalingo, a wuce Bali da Serti, sannan a fara hawan tsauni daga Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu. Tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, kuma mai hankali ba ya tuƙin dare a waɗannan hanyoyi. Ke nan kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Cikin bakwai saura uku, ɗaya daga cikinsu kuma na warware gajiya ne. Ga kuɗin mai, wanda tun cire tallafi a 2023 ya zama abin da mai albashi zai auna kafin ya tayar da mota. Ga kuma hawa da gangara masu lanƙwasa, da ba sa yafe wa mota mai raunin birki. Hutun da fiye da rabinsa ya ƙare a kujerar direba sunansa kawai hutu.

Haɗeja kuwa wanda ya bar Kano da asuba zai yi azahar a cikinta, sauran kwanakin duk nasa ne. Kuma abin da ke jiransa ba kaɗan ba ne. A wannan yanki Garun Gabas yake, wato Biram, ɗaya daga Hausa Bakwai da muke karantar da ɗalibai kowace shekara alhali kaɗan ne a cikinmu suka taka ƙasarta. Ga Auyo, ga birnin Haɗeja inda Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, inda kuma aka gwabza da sojojin Ingila a 1906. Daga nan a nufi Baturiya, a kai Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya tun 1930, a ƙarasa Gashuwa da tafkin Dagona. A hanyar dawowa ana iya ratsa Birnin Kudu a ga zanen dabbobi na dā a jikin duwatsu.

Ga mai nazarin harshe, ribar ta fi haka. A kasuwa ɗaya kunne zai ji Haɗejanci da Barbarci da Fulatanci da Badanci suna cuɗanya. Harshen Bade ɗan uwan Hausa ne a dangin harsunan Cadi, kuma marigayi Russell Schuh ya shafe shekaru yana nazarinsa tare da na Ngizim. A wannan ƙasa ce kuma Auyokanci ya mutu, masu shi suka koma Hausa. Mun saba yin alfahari da yaɗuwar Hausa. Yana da kyau lokaci zuwa lokaci mu je mu ga inda ta haɗiye 'yan uwanta. Haka nan yini ɗaya a bakin ruwa tare da masunta zai nuna wa mutum bambancin koma da taru da mali da birgi, ya ga tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ya ga gaiwar da yake ji a karin magana. Kalma a ƙamus daban take da kalma a hannun mai sana'a. Gani ya kori ji.

Akwai kuma dalili na gaggawa. Rayuwar fadamar ta dogara ne ga ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke haɗuwa su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Cadi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwan ke zuwa, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai da dama, ta cinye gonaki da wuraren su. Sanya tafkin Nguru a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000 bai kawar da wannan ba. Idan sana'a ta ja baya, kalmominta da waƙoƙinta da al'adunta kan bi ta. Tsaunin Mambila yana nan, zai jira mu; abin da ke bakin tsofaffin masunta ba zai jira ba.

Za a ce ai hutu ake nema, ba aikin bincike ba, kuma fadamar ma zafi gare ta. Gaskiya ne. Sai dai bazara ce lokacin da hanyoyin ƙauyukanta ke biyuwa, domin da damina ruwa kan yanke su. Lokacin ne ruwa ya janye kifi ya taru, ake girbin alkama, lambuna ke cike da albasa da tattasai. Zafin kuwa mutanen wurin sun daɗe da sanin maganinsa: a yi zirga-zirga daga asuba zuwa hantsi, a fake a inuwa, a sake fita da la'asar. Wanda ya samu zaɓi ya tafi a farkon Maris, kafin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su kama hanyar komawa. Batun tsaro kuma bai bar kowanne daga cikin yankunan biyu ba: a tuntuɓi 'yan gari kafin tashi, a gai da mai gari idan an sauka, a guji tafiyar dare.

Wannan hukunci ba na kowa da kowa ba ne. Mazaunin Yola ko Jalingo lissafinsa zai juya, wanda kuma ya samu mako biyu da mota mai ƙwari, Mambila ta cancanci wahalarsa. Amma manazarcin Hausa da ke tsakiyar ƙasar Hausa, da mako guda da aljihu mai iyaka, ya fara da Haɗeja. Ba ya kyautuwa mu ci gaba da rubuta maƙalu a kan karkarar da ke nisan rabin yini da mu, alhali ba mu taɓa kwana a cikinta ba.