Jiki da zuciya tare suke ciwo, tare suke warkewa

Ya ku ƴan'uwa manoma na ƙasar Arewa, ku dubi gaisuwarmu. In mutum ya gamu da ɗan'uwansa, ba lafiyar jikinsa kaɗai yake tambaya ba. Yana tambayar gida, da yara, da gajiya, da aiki, da damana. Kakanninmu sun san lafiya ba ta tsaya ga jiki ba. Wanda rumbunsa ya ƙare, ko gidansa ba zaman lafiya, ba a ce da shi lafiyayye, ko da yana tafiya da ƙafafunsa.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta daɗe da irin wannan tunani. Ita ce ƙasar Sin. Ba baƙuwa ba ce gare mu, domin likitocinta sun fara zuwa aiki Nijar tun shekarar 1976. Mutanen Sin suna da maganin gargajiya wanda suka rubuta cikin littattafai yau fiye da shekara 2000. Ya kamata mu san abin da ya ƙunsa, mu ɗauki mai amfani, mu bar sauran.

Abin da masu maganin Sin suke cewa

A wurinsu jiki da zuciya da rai abu ɗaya ne. Suna cewa akwai wani ƙarfi mai zagayawa cikin jiki, kamar yadda ruwa yake bin lambu. In ya bi hanyarsa, mutum yana lafiya. In ya toshe ko ya ragu, cuta ta samu ƙofa. Suna kuma cewa lafiya daidaito ce tsakanin zafi da sanyi, aiki da hutu, dare da rana. Mu ma muna maganar ciwon sanyi da ciwon zafi.

Sun ce abin da ke cikin zuciya yana taɓa kayan ciki. Fushi yana taɓa hanta, yawan tunani yana taɓa saifa da cin abinci, baƙin ciki yana taɓa huhu, tsoro yana taɓa ƙoda. Shi ya sa mai magani ba ya gaggawa. Yana taɓa jijiyar hannu, ya dubi harshe, ya tambayi barci, da abinci, da abin da ke damun mutum. Babban gwani a wurinsu shi ne wanda ya tare cuta tun ba ta zo ba.

Ba duk wannan ne ilimin likita na zamani ya tabbatar ba. Ba a ga wancan ƙarfi da wata na'ura ba. Ba a tabbatar tsoro yana zaune cikin ƙoda ba. Amma an tabbatar damuwa mai daɗewa tana hana barci, tana hana cin abinci, tana taimaka wa hawan jini. An kuma tabbatar yunwa da gajiya suna rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. A nan sun yi gaskiya.

Mu dubi damanarmu

Daga watan Yuli zuwa Satumba, abubuwa uku suke haɗuwa a kan manomi, daga Matankari har Tibiri. Aikin gona ya yi yawa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Ruwa ya kwanta cikin tafkuna da fadamun Dallol Mawri, sauro ya yi yawa. Ga tunanin bashi, ga tsoron kada ruwa ya ɗauke. Mace mai goyo tana noma, tana daka, tana jan ruwa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen cin tuwo. In masassara ta zo, jiki gajiyayye take tararwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, kula da zuciya da ciki ma magani ne. Maigida ya rage wa mai ciki aiki. A ajiye wake da gujiya domin damana, kada a sayar duka da kaka. A sa zogale cikin abincin yara. A huta in rana ta take. Wanda ya daina magana, ya daina cin abinci, ya ƙi shiga mutane, kada a ce lalaci ne. A zauna da shi, a ji damuwarsa, a kai shi likita.

Inda haɗari yake

Amma kada wani ya ce, tun da cuta tana da nasaba da zuciya da rai, to babu bukatar likita. Wannan kuskure yana kashe yara. Yaro ya yi zafin jiki, ya fara jijjiga, idonsa ya juye. Sai a ce iska ce ta taɓa shi. A kwana biyu ana hayaƙi da jiƙo. Alhali sau da yawa masassarar cizon sauro ce ta hau kansa, kuma tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Addu'a da lallashin dangi suna kwantar da hankalin uwa, kuma suna da kyau. Amma a yi su a kan hanyar gidan likita.

Mutanen Sin da kansu sun nuna mana hanya. A shekarar 1969 aka ɗora wa wata mata mai suna Tu Yuyu aikin neman maganin masassara. Ita da abokan aikinta suka tattara magungunan gargajiya fiye da 2000. Ba su yarda da ko ɗaya ba sai da gwaji. Cikin wani tsohon littafi suka samu labarin wani haki, ɗan'uwan tazargade. A shekarar 1972 suka fitar da ainihin maganin da ke cikinsa, wanda ake kira artemisinin. A shekarar 2015 aka ba ta kyautar Nobel, babbar kyautar masana ta duniya. Daga wannan haki ne aka samu tushen Coartem, ƙwayar da ake ba mai masassara ya sha kwana 3.

Ku lura da kyau. Cikin dubban magunguna na kaka da kakanni, kaɗan ne suka tsaya bayan gwaji. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dafa ganyen hakin a sha a madadin ƙwayar, domin ba a san awon maganin da ke cikin ruwan ba. Haka nan kwalaye masu rubutun Sin da ƴan talla suke yawo da su kasuwa, suna cewa suna maganin cuta goma. Ba duk abin da aka ce daga Sin ya fito ne magani ba. Maganin da ya sha rana a faranti, ba a san ranar lalacewarsa ba, asarar kuɗi ne, wani lokaci asarar rai.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, kowa ya kwana cikin gidan sauro, musamman yara da masu ciki. Na biyu, in masu rabon maganin rigakafin masassara sun zo da damana, a ba yaro ya sha duka yadda suka faɗa. Na uku, yaro mai zafin jiki a kai shi likita ranar, a gwada jininsa. Na huɗu, a kula da abinci, da hutu, da zaman lafiyar gida.

Muna roƙon ma'aikatan lafiya su ma su ɗauki darasi. Marar lafiya mutum ne mai gona da iyali da tsoro. Tambaya mai taushi tana sa ya faɗi gaskiya, ya kuma dawo gobe.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, amin.