GUBAR JINI BA TA JIRAN GARI YA WAYE

Ya ku talakawa, manoma da 'yan kasuwa na Funtua da Malumfashi, ku saurara!

Akwai cutar da ke cin mutanenmu, mu kuwa sai mu ce zazzaɓi ne, mu binne, mu dawo. Likitoci na kiranta sepsis, wato gubar jini. Ƙwayar cuta ce ke samun kafa ta saran fartanya, ko ciwon huhu, ko mahaifar maijego, ko cibiyar jariri. Jiki ya tashi yaƙarta, yaƙin ya wuce gona da iri har ƙoda da huhu su gaza. A 2017 kaɗai ta kashe mutum wajen miliyan 11 a duniya, ɗaya cikin kowane mamaci biyar ke nan.

Ga alamunta, ku riƙe: zazzaɓi mai zafi ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, sambatu, fitsari ya ɗauke, jariri ya ƙi kama nono. Wanda ya ga haka kada ya jira a tashi daga kasuwa. Awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba.

To, manomin Kafur ko na Dandume ya gani cikin dare, ina zai nufa? Kemis. A ba shi kafso huɗu da maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da an auna komai ba. Kafin a sami mota zuwa babban asibiti, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sa'an nan a ce talaka ne jahili, bai zo da wuri ba. Haba!

Abin takaici, zargin cutar nan ba ya bukatar wata na'ura daga Ingila. Ma'aunin zafin jiki, ma'aunin hawan jini, agogon ƙirga numfashi, da ma'aikacin da ya san aikinsa. Sai ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take. Shin wannan ya fi ƙarfin hukumar da ba ta taɓa mantuwa da kuɗin rumfa?

A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba. A 2014 aka yi dokar da ta ware wa ƙananan asibitoci kuɗi. Madalla. Ina suke?

Ku je ɗakin shan magani na gundumarku ku tambaya: wa ke kwana a nan? Ina ma'aunin? Ina motar ɗaukar maras lafiya? Amsar da aka ba ku, ku kai wa kansila da ciyaman, ranar kasuwa, a gaban jama'a.