Zumunta a Ƙafa Take: Mu da 'Yan'uwanmu na Ƙetare

Ya kai mai karatu, da wuya a ce a danginku ko a unguwarku babu wanda yake zaune a wata ƙasa. Wataƙila kawunka yana aikin jinya a Ingila, ko yayarka tana karatu a Kanada, ko kuwa maƙwabcinku yana kasuwanci a Gana. To, idan aka ambaci sunan irin wannan mutum a gida, me ake fara tunawa? Sau da yawa kuɗi ne. Ana tambaya ko ya aiko, da nawa ya aiko, da ranar da zai sake aikowa. A ganina, wannan tunani ya taƙaita zumuncinmu da su ƙwarai. 'Yan'uwanmu na ƙetare suna da jari da ilimi da sanayya da za su amfani ƙasarmu, amma ba za mu ci moriyarsu sosai ba sai mun gyara abu guda a gida, wato riƙon amana.

Bari mu fara da maganar kuɗin. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 'yan shekarun nan, 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje suna aiko da kimanin dala biliyan 20 gida a kowace shekara. A ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, babu ƙasar da ta kai Nijeriya samun irin wannan kuɗi. Mafi yawansa yana tafiya ne wajen sayen abinci, biyan kuɗin makaranta da na asibiti, kuɗin haya, da hidimar biki ko jana'iza. Babu laifi a cikin wannan, domin yara da yawa da wannan taimako suka yi karatu, marasa lafiya da yawa kuma da shi suka sami magani. Amma manomi mai hankali yakan raba hatsinsa biyu: na ci daban, na iri daban. Wanda ya cinye irinsa da rani, idan damina ta faɗi sai ya koma roƙo. Mu kuwa kusan duk abin da ake aiko mana muna cinyewa, kaɗan ne ake shukawa a gona ko masana'anta ko makaranta, inda zai haifar da aikin yi ga wasu.

Tarihin ƙasarmu ya nuna abin da mutumin da ya yi zaman waje zai iya kawowa. Dubi Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877. Tun yana saurayi ya shiga fataucin goro zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, ya zauna a can, ya koyi ciniki, ya tara jari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ya shiga cinikin gyaɗa da wannan jari da ƙwarewar da ya samo. Kafin rasuwarsa a 1955, ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote, wanda ka san sunansa, daga zuriyarsa ya fito ta wajen uwa.

A Legas ma akwai misali. A ƙarni na 19, bayi da yawa da suka sami 'yanci a Barazil da Kiyuba sun komo yankin Afirka ta Yamma. A cikin bayin da aka kai Barazil har da Hausawa da Yarabawa Musulmi, kuma bayan boren da aka yi a birnin Salbado a 1835, masu komowa sun ƙaru. Waɗanda suka sauka a Legas ana kiransu Aguda. Sun zo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki. Magininsu ne ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda har yau yana nan tsaye a tsibirin Legas. Haka nan Nnamdi Azikiwe, bayan ya yi karatu a Amurka, ya kafa jaridar West African Pilot a 1937. Daga baya ya yi tsayin daka har aka buɗe Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1960, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka. Dukan waɗannan mutane abin da suka kawo gida ya wuce kuɗi. Sun kawo sana'a da tsarin aiki, abin da suka kafa kuma ya daɗe bayansu.

To, me yake hana irin wannan ya yawaita a yau? Ka tambayi duk wanda ya daɗe a waje, za ka ji labari iri ɗaya. Mutum yakan yi shekara da shekaru yana aiki dare da rana cikin sanyi, yana aiko wa ɗan'uwansa kuɗi domin a gina masa gida. Ana ta aika masa hotunan gini, yana murna. Ranar da ya iso, sai ya tarar da fili fetal, hotunan kuwa na gidan wani ne. Wani kuma ya sayi fili, daga baya ya gano an sayar wa mutum uku. Idan ya kai ƙara kotu, shari'ar takan ɗauki shekaru. Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da aka cuta haka ba zai sake saka jarinsa a gida ba, kuma zai gargaɗi abokansa. Mai cin amana yana ganin mutum ɗaya ya cuta, alhali ya toshe wa garinsu ƙofar arziki.

Akwai kuma matsalar tsadar aikowa. Aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ya fi tsada a kan aikawa zuwa kowane yanki na duniya. A kowace dala 100, kusan dala 8 takan tafi wajen ladan aike. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage wannan lada zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100 kafin shekarar 2030. Idan aka haɗa wannan da ƙarancin wutar lantarki da wahalar samun takardar mallakar fili, za ka gane dalilin da ya sa mai jari yake ɗari-ɗari.

Fataken Hausa na dā sun san wannan matsala ta amana, kuma sun samo mata magani. A zangunan da suka kafa, kamar na Kumasi da Sabon Ibadan, akwai mai masauki wanda ake kira fatoma. Shi yake saukar da baƙon falke, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye. Idan an sayar da shanu ko goro bashi, shi ne mai lamuni. In mai saye ya ƙi biya, sunan mai masaukin ne zai ɓaci, fatake kuma su ƙaurace wa gidansa. Saboda haka ne mutum yake iya aika dukiyarsa tafiyar kwanaki masu yawa, hankalinsa kwance. Darasin a nan shi ne, ba su dogara ga kirkin mutum kaɗai ba. Sun yi tsari wanda mai gaskiya yake cin riba, maci amana kuma yake yin hasara. Irin wannan tsari muke bukata a yau: bankuna masu sauƙin hulɗa daga nesa, rajistar filaye da kowa zai iya dubawa, kotuna masu yanke hukunci da wuri, da ƙungiyoyin gari masu karanta wa mambobinsu lissafin kuɗi a fili.

Gwamnati ta ɗan taɓuka. A 2017 aka yi dokar kafa Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙasashen Waje, wadda ake kira NiDCOM. Akwai kuma ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara da aka ware domin tunawa da su. A wannan shekara ta 2017 ne kuma gwamnatin tarayya ta sayar musu da takardun lamuni na dala miliyan 300. Masu son saye sun wuce adadin da aka nema, kuma an biya bashin a 2022 kamar yadda aka yi alkawari. Wannan ya nuna cewa inda akwai yarjejeniya a rubuce da tabbacin biya, 'yan'uwanmu a shirye suke su zuba jari. Sai dai ka kwatanta miliyan 300 da biliyan 20, za ka ga bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da suke aikowa a shekara guda ba. Ban da haka, har zaɓen 2023 ɗan Nijeriya ba ya iya jefa ƙuri'a daga ƙasar waje. A ganina bai dace mu karɓi kuɗin mutum mu hana shi faɗin ra'ayinsa a kan yadda ake tafiyar da ƙasarsa ba.

Akwai wasu 'yan'uwan da muka fi mantawa da su, wato jikokin waɗanda aka kwashe a zamanin cinikin bayi zuwa Amurka da Barazil da tsibiran Karibiyan. Tarayyar Afirka tana ɗaukar dukan 'yan asalin Afirka da ke waje a matsayin yanki na shida na nahiyar. Ƙasar Gana ta ɗauki wannan magana da gaske. Ta sanya wa 2019 suna Shekarar Komowa, domin cika shekara 400 da saukar da bayin Afirka a Birjiniya ta Amurka a 1619. Baƙi masu yawa sun ziyarci tsofaffin gidajen ajiye bayi na Kef Kos da Elmina, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka ba mutum 126 takardar zama 'yan ƙasa. Masu otal da direbobi da masaƙa duk sun amfana. Mu ma muna da abin nunawa. Akwai Badagiri, inda aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa. Akwai bikin Oshun na Oshogbo, wanda mutane daga Barazil da Kiyuba suke halarta. Akwai hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, da marinar Ƙofar Mata mai daɗaɗɗen tarihi. Baƙon da ya zo kallo ya ga tsabta da tsaro da gaskiya a ciniki, shi ne zai dawo da niyyar kafa sana'a.

Na san wani zai ce, "Ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƙasa ta kashe kuɗi ta horar da likitoci, sun gudu sun bar asibitocinmu babu ma'aikata. Don me za mu lallashe su?" Wannan ƙorafi yana da tushe, domin tafiyar likitoci da malaman jinya hasara ce ta gaske ga talaka. Amma zargi bai taɓa dawo da kowa gida ba. Abin da ya fi amfani shi ne a gyara yanayin aiki domin na gida su zauna, a kuma buɗe wa na waje hanyar ba da gudummawa daga inda suke. Ƙungiyar likitocin Nijeriya da ke Amurka, alal misali, takan zo gida ta yi wa jama'a aiki kyauta. Malamin jami'a da ke Jamus yana iya koyar da ɗalibai a Kalaba ko Sakkwato ta intanet, ba tare da ya bar aikinsa ba.

Su ma na waje suna da nasu nauyin. Bai kamata mutum ya dawo yana raina mutanen da ya bari ba, ko ya ɗauka ya fi su sanin abin da suke bukata. Sau nawa aka kawo wa asibiti na'ura mai tsada, ta lalace bayan 'yan watanni saboda babu wanda aka koya wa gyaranta? Sau nawa aka haƙa rijiyar burtsatse ba tare da shawarar mutanen gari ba, ta tsaya babu mai kula da ita? Na waje yana da jari da sabon ilimi, na gida kuwa shi ya san ƙasa da mutanenta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka ce wannan magana ta manya ce, ba ruwan ɗalibi. Idan kawunka ya aiko kuɗin makarantarka, ka aika masa rasit da sakamakon jarrabawarka tun kafin ya tambaya. Idan an ba ka saƙo, ka rubuta abin da ka karɓa da abin da ka kashe, ka mayar da canji ko da naira 50 ce. Idan kana da 'yan'uwa da aka haifa a waje, ka riƙa gaisawa da su ta waya a ranar da ba ka da wata bukata, ka koya musu harshen gidanku da tatsuniyoyin kakanninku. Yaron da ya san harshen iyayensa ya fi kusa da dawowa gida wata rana. Ita ma Hausar da kake koya tana da amfani a wannan fage, domin da ita za ka yi ciniki a Yamai da Kumasi da Garwa da Njamena, har zuwa garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, inda jikokin Hausawa da Fulani suke zaune fiye da shekara 100.

Nan da 'yan shekaru, wataƙila kai ne za ka kasance a waje kana neman wanda za ka damƙa wa guminka, ko kuwa kai ne na gida da za a damƙa wa. Ko wanne ka zama, halin da ka saba da shi tun kana makaranta shi zai bi ka. Saboda haka, a wannan mako ka nemi ɗan'uwanka ɗaya da ke nesa, ka gaishe shi, ka tambaye shi aikin da yake yi da yadda ya koye shi, ka kuma ba shi labarin gida. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce zumunta a ƙafa take.