Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ɗakunan Karatu Ta Jihar Kano



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wata dukiya da amanarta take hannun hukumarka, wato rubutacciyar waƙar Hausa. Roƙona guda ne: a ba ta murya a ɗakunan karatunmu, kada a bar ta jere a kan kantar littattafai kawai.

Dalilina shi ne, mawaƙanmu sun tsara baitocinsu ne domin a rera su a ji. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta koya wa jajis, wato matan da ta horar, waƙoƙinta, su kuma suka kai su ga matan karkara da baki. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙarsa Imfiraji ta shiga lunguna da kasuwanni ta bakin masu rera ta, har waɗanda ba su san baƙi ko ɗaya ba suka haddace ta. A lokacin siyasar neman 'yancin kai, waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mudi Sipikin sun isa kunnen talaka kafin su isa idonsa. Nan Kano ma, ƙungiyar Hikima da ta Hausa Fasaha sun raya wannan fanni ne ta hanyar zama tare da rerawa. Kari da amsa-amo ba sa bayyana sosai sai a kunne. Yaron da aka miƙa wa littafi bai taɓa jin yadda ake rera ƙwar biyar ko tahamisi ba, rabin waƙar aka ba shi.

A yau ɗalibanmu na sakandare suna haɗuwa da waɗannan waƙoƙi ne saboda jarrabawar WAEC da NECO. Su haddace jigo da salo, su amsa tambaya, su manta. Ɗakin karatu ne wurin da ya fi dacewa ya cike wannan giɓi, domin shi ba ya tambayar mutum takardar shaida ko shekarunsa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Da farko a ware rana ɗaya a kowane wata domin dandalin rera waƙa a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad. A gayyato dattijon da ya san karin tsofaffin waƙoƙi ya rera, malami ya warware ma'ana a taƙaice, sannan a bar matasa su kawo nasu a gyara musu. A keɓe wa mata lokaci na musamman, domin su ma suna da magabata a wannan fage irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka tattara waƙoƙinsu cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Ranar 21 ga Maris, wadda UNESCO ta ware wa waƙa tun 1999, sai ta zama ranar babbar gasa tsakanin makarantu.

Abu na biyu shi ya fi gaggawa, wato naɗar muryoyi. Littafi yakan jira shekara hamsin a same shi, amma karin da yake kan dattijo yana tafiya ne ranar da ya tafi. Na'urar ɗaukar murya da kwamfuta ɗaya sun isa a fara. A nemi haɗin kan gidajen rediyo domin a kwafo tsofaffin kaset-kaset, a adana su inda ɗalibi zai zauna ya saurara yana bin baitin da ido.

Na uku, waƙoƙi da yawa suna nan cikin ajami a gafakokin malamai da adakokin gidaje, inda gara da damina suke cin su. Ba sai an raba iyalai da gadonsu ba. A ɗauki hoton takardun da izininsu, a mayar musu da abinsu. Masanan Jami'ar Bayero suna kusa, za su iya taimakawa wajen tantancewa da juyawa zuwa boko.

Na huɗu, a tanadi kwafe masu yawa na littattafai irin su Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu da waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, a tattauna da kamfanin NNPC na Zariya kan sake buga waɗanda suka yi wuyar samu, a kuma sayi na sababbin mawaƙa. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 bai kamata komai ya tsaya a birni ba, yaron Rano da na Ɗambatta su ma suna da haƙƙi.

Na san kuɗi ba ya isa, amma dandalin wata-wata ba ya bukatar fiye da zaure da lasifika da izininka. Ina roƙon ka ba da wannan izini a bana, tun masu rerawar suna raye. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin Hausa, Kano