Hoton Yara: Rana Kyauta Ce, Fuskar Yaro Kuwa Amana

Duk sanda aka ce matashi zai fara sana'ar hoto, lissafin da muke fara yi shi ne na hayar shago, fitilu da janareta. Mu a ganinmu, mai ɗaukar hoton yara ba ya buƙatar ko ɗaya. Ɗan shekara uku ba ya sakin jiki a ɗakin da bai sani ba, fitila tana kashe masa ido, baƙo yana ce masa ya yi murmushi. A tsakar gidansu kuwa, kusa da kakarsa, yana bin ɗan akuya, shi da kansa zai ba ka hoton. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, da zane rataye a bayan mutum, kuma yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Sai dai rana tana da lokutanta. Tsakar rana ba ta yi, domin tana saman kai, sai ta zuba inuwa a ramin ido, yaron kuma ya yi ta yamutsa fuska. Da hantsi kafin ta yi zafi, ko bayan la'asar sakaliya, nan ne haske yake kwantawa a fata. In dole sai da rana, a nemi bakin zaure ko gefen taga, yaron yana daga ciki yana fuskantar waje. A yi hattara da inuwar darbejiya, dabbare-dabbare take yi wa fuska. Ta mangwaro ta fi cika. Farin kwali ko farin zane da wani zai riƙe a gefe ya isa ya mayar da haske ɓangaren da ya yi duhu. Ga kuma abin da ke ɓata hotunan Sallah da yawa: yaro baƙi cikin farar shadda, kyamara ta auna hasken rigar, fuskar ta nutse. Da fuska ake saita haske, rigar ta ji da kanta. Hazon hunturu ma, da kowa ke kuka da shi, yana tausasa haske, illa dai ƙura ba ta raga wa kyamara.

Kayan aiki ba su da yawa: kyamara ko da ta hannu ce, gilashi mai lamba 50mm, saurin ƙyaftawa kada ya gaza 1/250 tunda yaro ba ya tsayawa, sai gwiwar da za ta jure durƙuso, domin daidai idonsa ake ɗauka. Kasuwa kuma tana nan: suna, saukar karatu, Sallah ƙarama da babba. A karɓi kafin alƙalami, a faɗi adadin hotuna da ranar bayarwa tun farko.

Inda muke da ja da masu wannan sana'a shi ne talla. An saba, da an gama aiki sai a zaɓi mafi kyau a ɗora a Facebook ko Instagram, har da sunan yaron, wani lokaci sanye da kayan makaranta, tambarinta a ƙirji. Ke nan an gaya wa duniya sunansa da inda yake wuni, a zamanin da satar yara don kuɗin fansa ba labarin nesa ba ne. Uban da ya biya kuɗi, hoto ya saya, bai sayar da fuskar ɗansa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta ce sai da amincewar iyaye ko waliyyi ake sarrafa bayanan yaro. Wasu iyayen tsoronsu kambun baka ne, kuma ba hurumin mai hoto ba ne ya yi musu gardama a kai.

Za a ce to da me sabon shiga zai nuna aikinsa? Ya nemi izini a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, a kan kowane hoto daban. Wanda ya ƙi, a bar masa. Sauran kuma a buga su a ƙaramin kundi, a riƙa nuna wa iyaye hannu da hannu, ba suna, ba unguwa.