Kafin A Taɓa Jari Don Bizar Ɗalibi Mai Zuwa Koyon Aiki

A kwanakin baya wani dattijo mai sayar da atamfa ya tare ni a bakin masallaci a nan Zangon Lome, ya zaro wata takarda daga aljihu ya ce in karanta masa. Wasiƙa ce ta wani kamfani a Turai da ya amince ɗansa ya je koyon aiki na wata shida, abin da 'yan makaranta ke kira sitaj. Har ya riga ya karya farashin kayansa ya tara kuɗin jirgi da na wani ɗan kamasho. Da na ce masa, "Baba, wannan ba biza ba ce," sai ya yi shiru ya daɗe yana kallona.

To jama'a, wasiƙar kamfani ba ta tsallakar da kowa iyaka. Abin da ofishin jakadanci ke fara dubawa shi ne fasfon da yaro ke riƙe da shi, kuma a Zango wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a gida ɗaya sai ka tarar da mai takardar Togo da mai ta Nijar da mai ta Nijeriya ko Ghana, duk kakansu ɗaya.

Mu fara da Amurka, inda samari suka fi kwaɗayi. Bizar koyon aiki a can ita ce J-1, kuma ba a ba da ita sai wata ƙungiya da gwamnatinsu ta amince da ita ta tsaya wa ɗalibi ta aiko masa da takardar DS-2019. A 2024 kuɗin neman bizar dala 185 ne, ga kuma dala 220 na rajista. Amma a watan Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar da ta dakatar da bizar karatu da ta J da ta ziyara ga 'yan Togo. A Disambar 2025 ya faɗaɗa ta: aka rufe wa 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso ƙofa gaba ɗaya, aka kuma sa Nijeriya da Benin a sahun Togo, daga 1 ga Janairun 2026. Ghana ba ta cikin jerin. Saboda haka duk ɗan kamashon da ya ce zai fitar wa mai fasfon Togo ko Nijar da J-1, a tambaye shi yaushe aka ɗage dokar, sa'annan a je ofishin jakadanci a ji daga bakinsu kafin a miƙa ko dala ɗaya.

Faransa ba ta rufe wa 'yan Togo ƙofa ba, sai dai takardunta na da yawa. Ginshiƙin maganar shi ne yarjejeniyar koyon aiki, wadda dole ɗalibi da makarantarsa da kamfanin su sa mata hannu su uku. Idan zaman zai wuce wata uku, sai hukumar can ta tabbatar da yarjejeniyar tukuna kafin a nemi bizar dogon zama. Ke nan yaron da ya riga ya bar makaranta, babu wadda za ta sa masa hannu, tun daga nan tafiyarsa ta sami tangarɗa. A 2024 ana neman shaidar cewa yana da yuro 615 a kowane wata, wato kimanin jaka 403 na sefa. A lissafa wata shida a gani: ya haura miliyan biyu da jaka ɗari huɗu, jarin wani ke nan kacokan. Gaskiya ne dokarsu ta tilasta kamfani ya ba mai koyon aiki ɗan alawus in ya wuce wata biyu, amma a waccan shekarar yuro 4.35 ne a awa, wanda da ƙyar zai biya hayar ɗaki a Paris. Kuɗin biza kuwa, in an hana ka ba a mayarwa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke raina abin da ke kusa. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa a cikinta ya zauna kwana 90 ba biza. Yaron Zango zai iya tsallaka Aflao ya je tashar jiragen ruwa ta Tema, ko ya bi Sanvee-Condji zuwa Kwatano da Ikko, ya koyi aikin fiton kaya ko lissafi, ya dawo da Turanci a bakinsa. Fasfo ko katin shaida da katin allurar shawara su ne guzurinsa. Sai dai a kula, kwana 90 ɗin na ziyara ne. Wanda zai zarce sai ya nemi takardar zama, kuma nan ne yaranmu ke sakaci har su faɗa hannun jami'an shige da fice.

Masu takardar Nijar su ƙara lura. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku suna shiga ba biza har sai an sanar da wani sabon tsari, wanda ke nufin alfarma ce da za a iya janyewa. A Togo da Benin da sauƙi, domin duk suna cikin UEMOA tare da Nijar. Ghana da Nijeriya kuwa ba sa ciki, don haka a yi tambaya a bakin iyaka kafin yaro ya ɗaura kaya.

Shi dai wancan dattijo, na raka shi makarantar ɗan nasa, inda muka tarar ba su ma san da maganar tafiyar ba. Ɗan kamashon ya riga ya karɓi rabin kuɗinsa.