Lambar yabon da ta iso bayan mai ita ya kwanta dama

Jama'a masu karatu, musamman ku 'yan uwanmu na kasuwannin kan iyaka, yau muna son mu tuna da wani dattijo wanda da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba, ko da yake labarinsa ya yi kama da na kakannin wasunmu a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Sunansa Abdoulaye N'Diaye, mutumin ƙauyen Thiowor a yankin Luga na ƙasar Senegal. Ya rasu ranar 10 ga watan Nuwamba na shekarar 1998 yana da shekara 104 a duniya, kuma shi ake ɗauka a matsayin na ƙarshe cikin baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na farko. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya kai shi aikin soja shi ne ya fi tsaya mana a rai. Kamar yadda shi da kansa ya ba wani ɗan jaridar Faransa labari dab da rasuwarsa, wani ɗan uwansa ne ya gudu don kada a ɗauke shi soja da ƙarfi, sai Turawa suka kama kawunsa suka jefa shi kaso. Abdoulaye, saurayi ɗan kimanin shekara 20, ya je ya miƙa kansa domin a saki tsohon. Bai san inda Jamus take ba, Bajamushe bai taɓa cin masa iyakar gona ba. Zumunci ne ya sa masa kaki. An ji masa rauni a Beljiyam a 1914, aka kai shi mashigin Dardanel na ƙasar Turkiyya a 1915, sannan aka sake ji masa rauni a fagen dagar Som a 1916. Da yaƙi ya ƙare ya koma ƙauyensu ya ɗauki fartanya. Sai a 1949, shekara 30 ke nan da 'yan kai, ya ji daga bakin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu cewa ashe yana da haƙƙin fansho.

A 1998, da za a cika shekara 80 da tsagaita wutar wancan yaƙi, Shugaba Jacques Chirac ya ce a ba duk wanda ya saura cikin sojojinsa lambar yabo mafi girma ta ƙasar Faransa. An tsayar da ranar 11 ga Nuwamba. Dattijon ya cika ana gobe biki.

Kada sunan "sojojin Senegal" da Faransawa suka laƙaba wa wannan runduna ya ruɗe mu. Tun da aka kafa ta a 1857 ta yi ta faɗaɗa har ta haɗa 'ya'yan dukkan ƙasashen da Faransa ta mallaka a yankin nan, har da namu. Kimanin mutum dubu 200 aka kwasa a yaƙin farko, wajen dubu 30 ba su dawo ba. Bayansu aka yi na biyu, aka yi na Indoshin, aka yi na Aljeriya. Ta can ɗaya gefen iyakar kuma Ingila ta kwashi nata zuwa dazukan Bama, shi ya sa har yanzu a Katsina da Sakkwato za ka ji ana cewa kakan wane ya yi yaƙin Bama.

Kun fi kowa sanin abin da ake kira bashi, don haka ku auna wannan. A watan Disamba na 1959, da ta ga 'yancin kai ya ƙarato, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da za su fita daga hannunta. Na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi yana ta hawa kowace shekara, na baƙar fata yana nan inda aka bar shi. Kamar mutum ne ya ɗauki buhun geronka bashi, ya dawo bayan shekara 40 ya ce zai biya ka da farashin ranar da ya ɗauka. A wace kasuwa ake wannan ciniki? Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a watan Nuwamba na 2001, amma shi ma ya riga ya rasu. An gyara wani sashe daga 2007, bayan hayaniyar da fim ɗin Indigènes ya tayar, sauran kuma sai daga ranar 1 ga Janairu na 2011. Ko a nan ma wani ɓangare na gyaran sai wanda ya rubuta takardar neman haƙƙinsa, kuma an rufe ƙofar a ƙarshen 2014.

To, a kan wannan maganar ta takarda ne muke son mu juyo da yatsa gida, domin laifin Faransa a fili yake, ba ya bukatar fitila. Tsoho ɗan shekara 80 da bai yi lakwal ba, wa ya karanta masa sanarwar? Tsohuwar da mijinta ya bar ta da littafinsa na soja a cikin adaka, gara na cin gefensa, wa ya raka ta ofishin tsofaffin sojoji? Sau da yawa abin da ke hana mace gadon fanshon mijinta ƙarami ne ƙwarai: an ɗaura aure a ƙofar gida da goro da shaidu, ba a je ofishin magajin gari an yi takarda ba, yaran kuma ba su da takardar haihuwa. Aure ya ɗauru a wurin Allah, amma ma'aikacin ofis takarda yake karantawa. Mu kuwa mun iya zaman makoki. Ranar sadakar uku ana cewa marigayi mutumin kirki ne, mai riƙon iyali, bai taɓa bari gidansa ya kwana da yunwa ba. Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa.

Maganar ba ta mutanen da kaɗai ba ce. A Inates, cikin watan Disamba na 2019, sojojin Nijar 71 suka rasa rayukansu a hari guda. Wata ɗaya bayan haka, a Shinagodar, aka rasa 89. Kowane ɗaya cikinsu ya bar gida, ko mata da ƙananan yara, ko iyaye tsofaffi da ke jiran ɗan abin da yake aikowa ƙarshen wata. Ku 'yan kasuwa kun san aikinsu da idonku. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke tasowa daga tashar jirgin ruwa ta Lome sun riƙa biyowa ta Burkina, ta Dori da Tera, cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Shinkafar da ta iso shago lafiya, wani ne ya kwana a bayan mota da bindiga a hannu kafin ta iso.

Haƙƙin iyalansu yana wuyan gwamnati, kuma dole a ci gaba da tuna mata. Amma kasuwa ma tana da nata hannun. Sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da ikon ware rumfa ɗaya ko biyu ga matar sojan da ya mutu a bakin aiki, a ɗauke mata kuɗin wuri na shekarar farko. Babban ɗan kasuwa zai iya ba ta kaya a kan amana, ta sayar ta kawo uwar kuɗi, kamar yadda yake ba yaransa. Marayan da ya tasa a sa shi shago ya koyi ciniki, ba tare da an cire shi daga makaranta ba. Kuɗin da ake tarawa don bikin wani alhaji, kashi ɗaya cikin goma nasa ya isa ya biya kuɗin mota da na takardun kotu ga mata da dama.

Mu ma'aikatan gidajen rediyon al'umma, namu aikin shi ne mu ɗauki na'ura mu je wurin 'yan tsirarun da suka rage cikin waɗanda suka yi yaƙin Indoshin da na Aljeriya, mu naɗi muryoyinsu tun suna iya magana, don mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara 80. Ku kuma da kuke da irin wannan dattijo a gida, ko matarsa, ku buɗe adakar a makon nan. Ku duba littafin soja da katin fansho da takardar aure, a yi hotonsu a ajiye a wuri biyu. In babu takardar aure ko ta haihuwar yara, kotu tana bayar da wadda ke maye gurbinta idan an kawo shaidu, saboda haka a nemi shaidun tun suna da rai.